Yadda Horace Tudge Ya Yi Wa Dage Canjin Gida

A ƙauyen Cullow da ke ƙasar Ingila babu wanda bai san ciyawar Horace Tudge ba, ko da kuwa bai taɓa leƙa bayan gidansa ba, don duk wanda ya yi kuskuren gaishe shi sai ya sha labarinta. Gajere ne mai tumbi, yana da gashin baki da yake murzawa in zai shara ƙarya, wato dai hannunsa ba ya cika barin wurin. Shekarunsa na ƙarfi duka a sayar da kafet ya ƙarar da su a Shrewsbury. Da ya yi ritaya sai ya dawo ƙauye ya ɗora duk ƙwazonsa a kan filin ciyawar da ke bayan gidansa, ba ya yarda ko tsuntsu ya daɗe a kai.

Duk wannan wahala saboda kofi guda ce, kofin azurfa da ake ba wanda filin ciyawarsa ya fi na kowa kyau a ranar bikin lambuna, ƙarshen watan Yuni. Kofin nan ya daɗe a gidan Cyril Beddoes, wani dogon tsoho mai baƙar magana da ke zaune hayin coci. Horace kuwa kowace shekara shi ne na biyu, kuma kowace shekara sai ya kwanta ciwo. A bara shugabar alƙalai ta ce masa ciyawarsa ba ta da laifi, sai dai tudun nan da ke ƙarshen filin ya tsuke shi, ya ɓata masa tsari. Tun daga ranar Horace ya ƙulla gaba da tudun nan, ya ce ko shi ko shi.

Wata safiya a watan Afrilu sai ga motar haƙa ta shigo layin tana gurnani, Horace na gabanta yana ta ɗaga hannu kamar shi ya ƙera ta. Direban, wani ƙato mai suna Gethin, ya sauko ya je ya dubi tudun. Ya ga ramuka a gindin itatuwa, kowanne da tarin sabuwar ƙasa a bakinsa. Ya tsuguna ya tsinci wani gashi fari da baƙi, ya murza shi a yatsa, ya miƙe ya nufi motarsa.

"Ina zuwa kuma?" in ji Horace.

"Gida."

"Ko taɓa ƙasar ba ka yi ba!"

"Ba kuwa zan taɓa ba. Gidan dage ne wannan, Mista Tudge. Ina lasisinka?"

"Lasisin me? Tuduna ne, a cikin gidana, da gumina na saya!"

"To, sai ka faɗa wa alƙali haka. Ni ina da iyali, ba zan je in yi wata shida a gidan yari saboda ciyawarka ba."

"Haba, zomaye ne fa!"

"In zomo ne ya haƙa wannan ramin, ni ba na fatan mu haɗu da shi," in ji Gethin. Ya tada motarsa ya yi gaba.

Horace ya dinga buga waya ofishin kula da namun daji har suka gaji suka turo masa jami'a. Sunanta Imogen Preece, matashiya ce siririya da takalmin roba har gwiwa. Tana shigowa ta ratsa tsakiyar ciyawar nan kai tsaye zuwa tudun, Horace na bin ta ta gefe yana runtse ido duk takun da ta yi. Ta leƙa ramukan, ta shinshina, fuskarta ta cika da fara'a.

"Kai, ka yi sa'a, Mista Tudge! Babban gida ne, har da jarirai a ciki."

"Na gode. Yaushe za ku kwashe su?"

"Ba a kwashe su. Yanzu lokacin goyo ne, ba wanda zai ba ka lasisin rufe rami kafin watan Yuli."

"Yuli? Bikin a Yuni ne!"

"Su ba su san da bikin ba. Kuma ko a Yulin sai ka nuna babbar ɓarna suke yi maka. Sannan mu bincika ko suna da wani gidan da za su koma. In suna da shi, a sa wa kowane rami ƙofa mai fita ba shiga, a jira mako uku a tabbatar kowa ya fita, sannan ka haƙa."

Horace ya matso kusa da ita. "To 'yata, ta yaya kuke sanin suna da wani gida? Tambayarsu kuke yi?"

Nan fa Mis Preece ta yi kuskuren da ta daɗe tana da-na-sani a kansa, ta yi masa bayani. Ta ce dage ba ya iya ganin gyaɗa ya wuce. Ana kwaɓa gyaɗa da ruwan sukari mai danƙo, a zuba wasu 'yan ƙwayoyin roba masu launi, ƙanana ƙwarai, ba sa cutar da ciki. Ana ajiye ɗan kaɗan a bakin rami. Shi kuwa dage dabba ce mai tsafta, ƙananan masai yake haƙawa a iyakar yankinsa. Sai a bi masan nan ana dubawa, duk inda aka ga ƙwayoyin an san nan yake zuwa.

"To in suka tashi don kansu fa?" in ji Horace, hannunsa ya kai ga gashin baki.

"Ramin da masu shi suka bari da kansu, aka tabbatar ba kowa, ba ruwan doka da shi."

Ran nan da yamma mashayar Baƙin Rago ba ta ji muryar kowa ba sai ta Horace. Ya dafa kanta ya ce shi gwamnati ba ta isa ta hana shi kofi ba. Ya ce mutumin da ya taɓa sayar wa mai zama a jirgin ruwa kafet na bene, ba zai kasa lallashin dabba ba.

"Canjin gida zan yi musu," in ji shi. "Ba duka, ba zagi, ba lasisi. Da ƙafarsu za su tafi, har su riƙa sa mini albarka."

Cyril Beddoes na zaune a kusurwa da kofin giyarsa. "Ina za ka kai su, Horace?"

"Inda ya dace da su."

"To ka gaya musu su zo da bargo, bana sanyi bai gama tafiya ba. Ka ba su takardar sallama, ko ita ma sai an jira Yuli?"

Aka kwashe da dariya. Horace ya yi murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Ai a ransa ya riga ya zaɓa musu unguwa, ba wata ba ce illa gindin shingen Cyril, dab da ciyawar da ke cin kofi.

Mis Preece ta ce ɗan kaɗan ake ajiyewa. Horace ya ce wannan aikin masu ƙaramin tunani ne. Ya sayo gyaɗa buhu-buhu, ya kwashe duk gwangwanayen ruwan sukarin da ke kantin ƙauyen, ya yi odar jajayen ƙwayoyi cike da bokiti. Ya juye su a durom cikin ɗan ɗakin ajiyar kayan lambu da ke kusa da ƙofar kicin, ya shiga juyawa da shebur. Matarsa Mavis ta leƙo, hannu a ƙugu.

"Horace, me nake gani haka?"

"Kimiyya."

"Kimiyyar ce ta ci mini sukarin da zan yi wa coci kek?"

"Mavis, in aka kawo kofin nan, a kan wace kanta kike so a ajiye shi?"

"Ka fara cire takalminka daga cikin kimiyyar tukuna, ga shi can ya manne."

Da yamma, lokacin da kowa ke cin abinci, Horace ya cika baro ya fita ta ƙofar baya. Ya fara zubawa tun daga gindin tudun, ludayi bayan ludayi. Ya bi layi, ya wuce kanti, ya kewaye tafkin agwagi, ya ratsa harabar coci, har gindin shingen Cyril, inda ya juye sauran duka. Ya dawo yana fito, ya ce wa Mavis ta fara goge kantar da za a ajiye kofi.

Wanda ya fara gano hanyar shi ne mai raba wasiƙu. Da sassafe kekensa ya hau danƙon nan a gangaren kanti, tayar gaba ta ce ba ta zuwa, ta baya ta ce sai ta je. Ya tashi da gyaɗa a gemu, wasiƙun mutane sun manne masa a baya, sai da mai kanti ta riƙa ɓamɓaro su ɗaya-ɗaya tana kiran sunayen masu su. Kafin hantsi agwagin tafki sun fito sun tare hanya, motar madara ta tsaya tana ta oda ba wanda ya kula ta. Hankaki suka zo, kurege ya zo da danginsa. Da rana ta ɗaga sai rina ta sauka a harabar coci, daidai lokacin da ake fitowa daga addu'ar safe. Tsofaffin da aka sani da sanda, ran nan an ga gudunsu.

Horace ya tsaya a ƙofar gidansa yana kallo, ya ce wa duk mai wucewa lallai wani marar tarbiyya ne ya yi wannan aiki. Kowa kuwa ya san mai aikin, don layin danƙon daga ƙofarsa ya faro, kuma da ido ake ganinsa.

Bai daddara ba. Kowace yamma sai ya sake zubawa, ya ce dabba sai da naci. Ba a jima ba jajayen ƙwayoyi suka fara bayyana a inda ba a zata ba. Rabaran Gittins, limamin cocin, ya ɗauki karensa a guje zuwa wurin likitan dabbobi yana hawaye, ya ce jini yake kashi. Misis Gough mai kaji ta ga ɗakin kajinta ya yi ja, ta zaci annoba ce, ta kusa kiran hukuma a zo a hallaka su. Kan motoci ja, kan dutsen tunawa da mazan jiya ja, hular mai kanti da ta shanya ma ba ta tsira ba. Su ukun suka yi tawaga suka zo gidan Horace.

"Mista Tudge," in ji Rabaran, yana riƙe da wata 'yar leda nesa da jikinsa, "ka san wannan?"

Horace ya leƙa. "Madalla! Ka ga, yana aiki ke nan. A ina ka samu?"

"A kan dardumar ɗakin karatuna."

"To ai ka ga an gano iyakar yankin karenka, kyauta, ba ka biya ko kwabo ba."

"Kajina sun daina ƙwai!" in ji Misis Gough. "Sun ƙoshi da gyaɗa, sai kwanciya suke kamar matan attajirai!"

"Ki yi haƙuri, Misis Gough, ci gaba ba ya zuwa sai da 'yar sadaukarwa."

"Zan nuna maka sadaukarwa in na dawo da mijina!"

Kowace dabba a Cullow ta bi hanyar nan har gidan Cyril, ban da dage. Horace ya zauna ya yi nazari, ya gano inda matsalar take. Ai ba wanda zai bar gidansa ya koma fili. Sai an nuna masa ɗaki. Washegari da sassafe, a zatonsa Cyril ya tafi kasuwar garin Ludlow, ya ɗauki shebur da damin ciyawa busasshiya ya tafi gindin shingen. Ya haƙa rami mai kyau, ya shiga da rarrafe don ya shimfiɗa musu gado a can ciki. Shiga ta yiwu. Da ya zo fita sai tumbi ya ce bai san zancen ba.

Yana nan rabi a ciki rabi a waje, ƙafafu na harbin iska, sai ya ji muryar da ya fi tsana a duniya.

"Ikon Allah! Ashe da gaske kake, Horace, ga na farko ya tare."

"Cyril, jawo ni!" Muryar ta fito daga ƙasa a dakushe.

"Wa ke magana? Ban san dage na jin Turanci ba."

"Ka bar wasa, numfashina na ɗaukewa!"

"Ni in taɓa ka? Ba ni da lasisi. Yanzu lokacin goyo ne, wa ya sani ko kana da jarirai a ciki? Ka yi haƙuri zuwa Yuli, in sa maka ƙofa mai fita ba shiga."

Sai da Cyril ya je ya haɗa shayi, ya kira maƙwabta biyu su zo su taya shi gani, sannan aka kama Horace ƙafa ɗai-ɗai aka fizgo shi. Wandonsa bai biyo shi duka ba. Ya miƙe ya kakkaɓe ƙasa, ya ce dama yana auna faɗin ramin ne, kuma ya samu abin da yake nema.

Abin da Horace bai lissafa ba shi ne, dage ba wawa ba ne. Me zai kai shi hayin coci, ya ratsa karnuka da motoci saboda ludayi guda, alhali hancinsa na gaya masa ga durom ɗungurungum a ƙarshen ciyawa? Wata safiya Horace ya buɗe labule da kofin shayi a hannu, sai kofin ya faɗi. Ga rami a tsakiyar filinsa, ƙasa ja a tare a bakinsa. Ga wani kusa da shi. Ga na uku a gindin ɗakin ajiya, an ɓalle katakon ƙasa, durom na kwance an lashe shi har ya yi ƙyalli. A kusurwar da ya fi ji da ita kuwa, ga 'yan masai a jere, tsaf-tsaf, cike da jajayen ƙwayoyi.

Ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai. Gaskiya ran nan ya ba da tausayi, don ciyawar nan ita ce abin da yake tashi dominsa kowace safiya. Mavis ta dafa kafaɗarsa.

"Horace, ka kira yarinyar nan ka gaya mata gaskiya. Kofi ai akwai baɗi."

Ya ɗago a hankali, hannunsa ya tafi ga gashin baki. "Mavis, kin manta wa kike aure? Na rufe daɓen da ya fi wannan lalacewa, mai gida ya sayar da gidan ba a gane ba."

Bikin ya matso. Horace ya tattaro tsofaffin ƙofofi da katakai da guntayen kafet da ya ɓoye tun zamanin kanti. Ya rufe kowane rami da katako, inda ƙasa ta yi laushi ya shimfiɗa kafet, ya barbaɗa ƙasa. Ya sayo ciyawar nan da ake sayarwa a naɗe kamar tabarma, ya shimfiɗa a kai, ya haɗa baki da baki yadda ko allura ba za ta shiga ba. A nan kam ba a yi masa ƙarya, ya iya shimfiɗa. Kullum da safe sai ya tarar an buɗe sabon rami a wani wurin, shi kuma ya kawo wata ƙofar. Har ƙofar banɗakin ƙasa sai da ta tafi, Mavis ta rataya zanen gado a madadinta.

Ranar biki gari ya yi kyau. Mutane suka fito da hulunan rana suna bin lambuna gida-gida, alƙalai uku na gaba. Aka iso gidan Horace, jama'a suka yi cirko-cirko. Filin nan kore shar, sumul, ba tabo ko ɗaya. Har Cyril sai da ya gyaɗa kai. Horace ya sha farin kwat da fure a ƙirji, yana ta sunkuyar da kai yana karɓar yabo. A can baya ya hango Mis Preece da takalminta na roba. Labarin ƙauyen da karnukansa ke kashi ja ya kai har ofishinsu, ta ce bari ta zo ta gani da idonta. Ya daure ya ɗaga mata hannu.

Shugabar alƙalai, Misis Corfield, mace ce mai jiki da murya. Al'adar gasar ita ce a gangara ƙwallon katako daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a ga ko filin ya daidaita. Ta sunkuya ta sake shi. Ƙwallon ya tafi sumul, jama'a na binsa da ido. Ya kai tsakiya, ya rage gudu, ya ɗan yi tunani, sai ya nutse. Ciyawar ta rufe a kansa.

"Ina ƙwallona?" in ji Misis Corfield.

"Laushi ne, ranki ya daɗe," in ji Horace. "Sabon salo ne, daga Holan. Ba sai kin je ba, ni zan ɗauko..."

Ina! Ta riga ta taka. Taku na farko lafiya. Na biyu filin ya yi ƙara irin ta tsohon gado. Ta tsaya ta dubi ƙasa.

"Mista Tudge, me ya sa ciyawarka ke da mariƙin ƙofa?"

Kafin ya ƙirƙiro amsa, ƙofar banɗakin ta juya a ƙarƙashinta. Misis Corfield ta tafi ƙasa har ƙugu, hularta ta yi sama. Alƙalan nan biyu suka ruga ceto, ɗaya ya taka kafet ya zurma, ɗayan ya kama gefen ciyawa don ya tsira, sai ta biyo shi tun daga can ƙarshe tana naɗewa. Abin da ke ƙasa ya fito fili: ƙofofi, katakai, kafet mai furanni ja da ruwan ɗorawa, da ramuka ko'ina. Horace ya yi tsalle zai rufe wani da jikinsa, ƙasa ta karɓe shi har hammata.

Ana cikin ihu sai idon kowa ya koma wuri guda. Daga ramin da ke tsakanin Horace da Misis Corfield kan wani dage ya leƙo, fari da baƙi, kumatu sun cika sun batse. Hayaniya ce ta tashe shi daga barci. Ya dubi shugabar alƙalai, ya dubi Horace, ya yi atishawa. Sai ga wasu ƙananan kawuna biyu sun leƙo ta gefensa.

"Wayyo, ku dubi 'yan yaran!" in ji Misis Gough, wadda ta zo da niyyar ganin bayan Horace. Nan take kowa ya zaro waya. Rabaran ya ce a yi shiru kada a firgita su. Mutum uku na cikin rami suna neman hannu, amma duk Cullow ba mai kallonsu. Har Misis Corfield, da ƙasa a baki, cewa take, "A hankali, kada ku taka su!"

Da aka zaro kowa, Mis Preece ta je motarta ta dawo da turaku da jan ƙyalle. Ta fara kafawa tun daga tudun, tana bin ramuka, Horace na biye da ita da takalmi ɗaya. Ta wuce tsakiyar fili, ta wuce kusurwar masai, ba ta tsaya ba sai a ƙofar kicin.

"Mista Tudge, toshe ramin dage laifi ne, ka sani. Yau ɗin nan za ka cire katakan nan da hannu, ina tsaye. In ka yi haka zan rubuta cewa wauta ce, ba mugunta ba. Shaidu kuwa ba zan rasa ba."

"Za mu sa hannu!" in ji jama'a baki ɗaya.

"To, turakun nan fa?" in ji Horace.

"Iyakar gidansu ke nan yanzu. Da a tudu kaɗai suke, ka ciyar da su har suka yi ƙarfin faɗaɗawa. Ban taɓa ganin gidan da jarirai suka yi ƙiba haka ba. Daga nan zuwa can ba haƙa, ba cike rami, ba abin da ke da nauyi ko ƙara, don ramukan dab da sama suke."

"Amma Yuli ya kusa. Lasisin fa?"

"Sai suna da wani gidan. Kai da kanka ka yi mana binciken, duk ƙauyen nan ka zuba ƙwayoyi, masansu kuwa a filinka kaɗai suke. Ba su da ko'ina sai nan."

"Har yaushe?"

"Har su ga dama su tashi."

"Yaushe suke ganin dama?"

"Akwai gidan dagen da na sani a garin Clun, tun kakan kakana suke ciki."

Can a bakin shinge aka miƙa wa Cyril kofi, ba tare da an ko je gidansa ba. Ya saƙale shi a hammata ya tako a hankali, yana kewaye turaku.

"Horace, injin yankan ciyawar nan naka sabo, in zo in ɗauka gobe? Kada ya yi tsatsa a banza."

Horace bai ko dube shi ba. Idonsa na kan ɗan abin da ya rage na ciyawarsa, wani yanki kore tsakanin rami da rami, wanda tabarma za ta iya rufewa. Ya matsa kusa da jami'ar, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Mis Preece, ko da almakashi?"

Ta yi ɗan tunani, tana ɗaure ƙyalle a turke na ƙarshe.

"Da almakashi za ka iya," in ji ta. "Amma a durƙushe, kuma a hankali. Da rana masu gidan barci suke yi."